Allon Benjamin Rush a bakin titin Filadelfiya: abin da ya faɗa da abin da ya bari

"Assalamu alaikum, Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata biyu ke nan ina aiki a birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka. A hanyata ta zuwa gidan wata tsohuwa da nake jinya, can arewa maso gabashin birnin, ina wuce wani shuɗin allo mai rubutu da ruwan ɗorawa a bakin titi. Rannan na tsaya na karanta, ashe na wani likita ne mai suna Benjamin Rush, wanda yake cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin kan Amurka. Da na ba wata abokiyar aikina labari sai ta taɓe baki, ta ce ai wannan ya kashe mutane da yawa da maganinsa. Na duba intanet, ko shekarar haihuwarsa ma ba a daidaita ba, wasu su ce 1745, wasu 1746. To wa zan gaskata, allon ko abokiyar aikina? Kuma me ya kai likita cikin siyasa?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba majinyaciyarki lafiya, ya sa albarka a aikinki.

Idan na fahimce ki, abu uku kika haɗa: ko abin da aka rubuta a allon gaskiya ne, ko maganar abokiyar aikinki tana da tushe, da kuma yadda aka yi likita ya shiga sahun masu kafa ƙasa. Allon bai yi ƙarya ba, abokiyar aikinki ma ba ta yi ba, kuma a nan ne zan fi daɗewa. Ni likita ne. Na yi shekaru ina duba marasa lafiya a asibitocin arewacin Najeriya, ina kuma koya wa ɗaliban likitanci abin da ya sawwaƙa na tarihin sana'armu. Duk shekara sai na kawo musu labarin Rush, domin a cikin magabatanmu na wannan sana'a shi ne wanda labarinsa ya fi ba ni tsoro a kan kaina.

Bari in fara sauke ƙaramar, ta shekarar haihuwa. Duka biyun daidai ne. An haife shi ranar 24 ga Disamba 1745 bisa tsohuwar kalandar da Ingila da ƙasashen da take mulka suke aiki da ita a lokacin. A 1752 suka koma sabuwar kalanda, aka tsallake kwana 11, sai ranar haihuwarsa ta faɗa 4 ga Janairu 1746. Wannan yankin da kike wucewa shi ne Byberry, a lokacin gonaki ne a bayan gari, kuma nan gidan da aka haife shi yake kafin a rushe shi.

Allon kansa

Shuɗin allo mai rubutun ruwan ɗorawa na jihar Pensilbaniya ne, jihar da Filadelfiya take ciki. Hukumar tarihi da adana kayan tarihi ta jihar ce ke kafa irinsa tun 1946, kuma yanzu sun haura 2,500. Kafin nan faifan tagulla ake kafawa a jikin manyan duwatsu, amma da motoci suka yawaita sai aka ga mai wucewa da gudu ba ya iya karanta su, aka koma allon ƙarfe a kan sanda. Kowa na iya gabatar da sunan mutum ko wuri, ya kawo hujjojinsa, kwamitin masana ya tantance, hukumar ta amince. Yawanci masu gabatarwar ne ke nemo kuɗin ƙera allon.

Wannan tsarin yana gaya miki yadda za ki karanta shi. Sunaye da shekaru da muƙamai an tantance su, za ki iya dogara da su. Amma filin rubutun kaɗan ne, 'yan layuka da ba su kai sakin layi guda na wannan amsar ba, kuma wanda ya yi wahalar neman a kafa allo mai ƙaunar mutumin ne. Shi ya sa nake ce wa ɗalibaina irin wannan allon kirari ne. Maroƙi idan yana wasa basarake ba dole ya yi ƙarya ba: garin da ya ce kakansa ya ci da yaƙi, ya ci ɗin. Sai dai ba za ki taɓa jin ya ambaci ranar da aka koro shi ba. Ita kanta hukumar ta san da wannan, domin daga 2020 ta bi allunanta tana dubawa, ta gyara rubutun wasu, ta cire wasu, musamman waɗanda suka yi wa asalin mutanen ƙasar da baƙaƙen fata rashin adalci.

Me ya kai likita siyasa

Akwai abin da ya kamata mai karatu daga wajenmu ya riƙe tukuna. Idan aka ce zamanin mulkin mallaka a Amurka, ana nufin lokacin da yankuna 13 na bakin tekun Atlantika suke ƙarƙashin sarkin Ingila. Waɗanda suka yi wa sarkin tawaye a 1776 Turawa ne mazauna, a kan ƙasar da aka ƙwace daga mutanenta na asali, kuma da yawansu suna da bayi. Ya bambanta da namu tarihin na Lugga da Turawan da suka zo suka tafi.

Rush maraya ne. Mahaifinsa manomi ne kuma maƙerin bindiga, ya rasu yana da shekara biyar, mahaifiyarsa ta buɗe kanti a Filadelfiya ta ɗauki nauyin karatunsa. Ya gama kwalejin da yau ake kira jami'ar Princeton a 1760 yana ɗan shekara 14. Ya yi shekara biyar yana almajirci a hannun wani babban likita, John Redman, sannan ya tafi Edinbara ta Sukotlan, inda ya sami digirin likita a 1768. Ya dawo a 1769 aka naɗa shi farfesan ilimin haɗa sinadarai a kwalejin Filadelfiya, na farko a ƙasar.

A wancan lokacin mai irin wannan ilimin ana ƙidaya shi da yatsu. Likita kuma yana shiga gidan attajiri da na talaka, ya san wanda ke kwana da yunwa, ana jin maganarsa. Saboda haka ba Rush kaɗai ba ne. Cikin mutum 56 da suka sa hannu a takardar 'yancin kai akwai likitoci irin su Josiah Bartlett da Matthew Thornton daga New Hampshire, da Lyman Hall daga Jojiya. Wani likitan, Joseph Warren na Boston, a fagen yaƙi aka kashe shi a 1775. Shi Rush ya dawo daga Edinbara da ra'ayin cewa mulkin sarauta ba shi da hujja, kuma ya ɗauki lafiyar jiki da lafiyar al'umma abu guda. Ya shiga majalisar yankunan a watan Yuli 1776, ya sa hannu ranar 2 ga Agusta yana da shekara 30. Surukinsa Richard Stockton, mahaifin matarsa Julia, shi ma ya sa hannu.

Siyasar ba ta yi masa daɗi sosai ba. A 1777 aka ba shi babban muƙamin likita a rundunar George Washington, babban kwamandan yaƙin 'yancin wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko. Ya ga sojoji suna mutuwa da ƙazantar asibiti fiye da harsashi, ya yi rigima da shugabansa William Shippen, har ya rubuta wasiƙa ba sa hannu zuwa ga gwamnan Bajiniya, Patrick Henry, yana sukar jagorancin Washington. Gwamnan ya aika wa Washington wasiƙar, shi kuma ya gane rubutun hannun. Rush ya ajiye aiki a 1778. Daga baya ya yi ma'ajin gidan buga sulallan gwamnati daga 1797 har rasuwarsa, kuma shi ya sasanta tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, John Adams da Thomas Jefferson, a 1812 bayan sun yi shekaru ba sa ga maciji.

Alherinsa da yawa, kuma bai kamata a rage masa ko ɗaya ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ɗakin shan magani kyauta na talakawa a Filadelfiya a 1786, irinsa na farko a ƙasar. Ya kafa kwalejin Dickinson a 1783. Ya yi kira a ilmantar da mata, ya yi adawa da dukan masu laifi a bainar jama'a, kuma yana cikin na farko da suka ce shaye-shayen barasa cuta ce mai buƙatar magani.

Shekarar 1793

Maganar abokiyar aikinki daga nan ta samo asali. A watan Agusta 1793 zazzaɓin shawara ya ɓarke a Filadelfiya, wadda a lokacin ita ce babban birnin Amurka, mai mutane kimanin 50,000. Zuwa Nuwamba kusan 5,000 sun mutu, wato ɗaya cikin goma. Kimanin 20,000 sun gudu, har da shugaban ƙasa da ma'aikatan gwamnati. Rush ne ya fara fitowa ya kira cutar da sunanta. Ya ɗora laifin a kan wani tulin gahawa da ya ruɓe a bakin tashar jiragen ruwa, wai warinsa ne ya gurɓata iska. Wasu likitocin suka ce jiragen 'yan gudun hijira daga tsibirin da yau ake kira Haiti ne suka kawo ta. Su ne suka fi kusa da gaskiya, amma babu wanda ya kawo sauro a ransa. Abin tausayi, Rush ya rubuta da hannunsa cewa sauro ya yi yawa ƙwarai a wannan shekarar, ya wuce bai tsaya a kai ba.

Bai gudu ba. Wannan dole a faɗe shi da babbar murya. Akwai ranakun da ya duba fiye da mutum 100. 'Yar'uwarsa da ke zaune a gidansa ta mutu, ɗalibansa uku sun mutu, shi ma ya kamu, ya tashi ya ci gaba da aiki. Duk wanda ya taɓa zama a asibiti lokacin annobar kwalara ko sanƙarau ya san nauyin wannan.

Matsalar maganin ce. Rush ya gaskata cewa duk zazzaɓi iri ɗaya ne, kuma asalinsa jijiyoyin jini ne suka cika suka ɗaure, saboda haka magani shi ne a rage wa jiki kaya. Hanya biyu ya bi. Ta farko garin maganin wankin ciki mai ƙarfi, haɗin wani gishirin zaiba da saiwar wata shuka, wanda ke sa gudawa ba ƙaƙƙautawa. Zaiba guba ce: tana sa dalalar miyau, dasashi ya kumbura, haƙora su yi girgiɗi. Ta biyu tsaga jijiya a zubar da jini, sau da yawa, kwana bayan kwana. Ya ɗauka jinin da ke jikin mutum ya kusa ninka abin da yake a zahiri, kuma yana koyar da cewa za a iya cire kaso mafi girma ba tare da haɗari ba. Ke kin san babban mutum lita 5 ne ko kusa da haka a jikinsa.

Yanzu ki auna da abin da muka sani. Shawara mai tsanani tana lalata hanta da ƙoda, jini ya kasa daskarewa, mutum ya riƙa aman baƙin jini, ruwan jikinsa ya ƙare. Abin da muke yi wa irin wannan majinyacin yau shi ne ƙarin ruwa, wani lokaci ƙarin jini, da kula da ƙoda. Rush yana cire masa jini yana kuma sa shi gudawa. Ba na shakkar cewa wannan ya gaggauta mutuwar mutanen da wasunsu da sun tashi. Iyakar abin da za a iya faɗa ke nan da gaskiya. Duk wanda ya ba ki adadi ya ce ga yawan waɗanda Rush ya kashe, ƙiyasi yake yi, domin ba a ajiye lissafin da zai raba wanda cuta ta kashe da wanda magani ya ƙarasa ba.

Kuma ba za a ce kowa haka yake yi a lokacin ba. Zubar da jini tsohuwar al'ada ce a likitancin Turai, amma yawan da Rush ya kai shi ya tsorata abokan aikinsa. A wani gidan gona da aka mayar asibitin annoba, Bush Hill, wani likita Bafaranshe, Jean Devèze, wanda ya san cutar daga tsibiran Karebiyan, ya fi dogara da tsabta, da hutu, da abin sha, da sauƙaƙan magunguna. Rush yana da labarin wannan hanyar, ya ƙi ta.

Me ya hana shi gani

Wannan ce tambayar da nake so ɗalibaina su kwana da ita. Rush haziƙi ne, mai tsoron Allah, mai tausayi. To yaya aka yi yana ganin gawa kullum bai gane ba?

Amsar tana cikin halin cutar. Yawancin masu kamuwa da shawara zazzaɓi ne na kwana uku ko huɗu su warke da kansu. Kaɗan ne, kimanin 15 cikin 100, ke shiga mataki mai tsanani, kuma a cikin waɗannan kusan rabi ke mutuwa. Ƙari a kan haka, a lokacin annoba duk mai zazzaɓi ana lissafa shi cikin masu cutar. Saboda haka duk maganin da aka bayar, ko ruwan sanyi ne, za a ga mafi yawa sun tashi. Wanda ya tashi sai Rush ya ce magani ya yi aiki. Wanda ya mutu sai ya ce an makara wajen kiransa, ko ba a zubar da isasshen jini ba. Shi kansa da ya kamu an yi masa wannan maganin ya warke, wannan ya ƙara masa yaƙini. Ba wata hanya da ta rage wadda gaskiya za ta bi ta iso gare shi.

Na ga irin wannan da idona, ba sau ɗaya ba. Na tuna wani magidanci da aka kawo mana a wani asibitin karkara, jikinsa fari fat, yana haki, bayansa duk tabon ƙaho. Ciwon jiki da kasala yake fama da su, wanzami ya yi ta yi masa ƙaho ana cewa mataccen jini ake cirewa, alhali ƙarancin jini ne ke damunsa tun farko. Sai da muka ƙara masa leda biyu kafin ya dawo hayyacinsa. Ban ga mugunta a wajen wanzamin ba. Mutane da yawa sun zo masa da ciwon baya sun tafi suna godiya, su yake tunawa. Mu ma masu farar riga haka zuciyarmu take aiki. Wanda ya warke yana dawowa da gaisuwa, wani har da zabuwa ko ƙwai. Wanda ya rasu a gida bayan an sallame shi ba ya dawowa ya ba da labari. Sai da na fara ajiye littafi ina rubuta kowane majinyaci da yadda ya ƙare, sannan na gane cewa wasu abubuwan da na yi imani da su a aikina ba su da tushen da nake zato.

A zamanin Rush an sami wanda ya yi yunƙurin ƙidaya, kuma ba likita ba ne. Wani ɗan jarida Bature ɗan Ingila, William Cobbett, ya bi rajistar mace-macen birnin ya ce mutuwa ta ƙaru tun da aka rungumi hanyar Rush. Ya haɗa da zagi da gabar siyasa, lissafinsa ma yana da rauni. Rush ya kai shi kotu kan ɓata suna, aka yanke Cobbett ya biya shi dala 5,000 a watan Disamba 1799. A cikin wannan watan George Washington ya rasu da ciwon maƙogwaro, bayan likitocinsa sun zubar masa da jini fiye da lita 2 cikin yini guda. Sai a shekarun 1830 wani likita a birnin Paris, Pierre Louis, ya jera majinyata masu ciwon huhu ya kwatanta sakamakonsu da alƙaluma, ya nuna amfanin zubar da jini bai kai yadda ake ɗauka ba. Daga irin wannan ƙidayar likitancin yau ya taso. Rush kuwa ya koyar da ɗalibai kusan 3,000, suka bazu cikin ƙasar da hanyarsa, ta daɗe bayan ransa.

Annobar ta lafa ne da sanyi ya sauka ya kashe sauro. Sai a 1881 Carlos Finlay na Kuba ya ce sauro ne ke yaɗa cutar, Walter Reed da abokan aikinsa suka tabbatar a 1900. Ƙarshen labarin ya biyo ta yankinmu: a 1927 masu bincike da ke da sansani a Yaba ta Legas suka ware ƙwayar cutar daga jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi, kuma daga wannan ƙwayar Max Theiler ya samar da allurar rigakafi a 1937. Ita ce allurar da ake rubutawa a katin nan mai ruwan ɗorawa da ake nema a filin jirgi.

Baƙaƙen fata da bawansa

Akwai ɓangaren da ya shafe ki kai tsaye a matsayinki na ma'aikaciyar jinya baƙar fata a wannan birnin. Rush ya karanta a wani tsohon rubutu cewa baƙaƙen fata ba sa kamuwa da shawara, ya gaskata. Ya roƙi shugabannin 'yantattun baƙaƙen fata, Absalom Jones da Richard Allen, su fito da mutanensu su yi jinya, su ɗauki gawa, su haƙa kabari. Suka amsa, suka shiga gidajen da dangi suka tsere suka bari. Maganar ba gaskiya ba ce. Baƙaƙen fata kimanin 240 sun mutu a birnin, Allen kansa ya kwanta. Bayan annoba wani mai buga littattafai, Mathew Carey, ya zarge su da tsawwala kuɗi da sata. Jones da Allen suka mayar masa da martani a rubuce a 1794, suka lissafa abin da suka kashe daga aljihunsu da abin da aka biya su, suka nuna asara suka yi. Waɗannan su ne magabatanki a aikin jinya a Filadelfiya.

Dangantakar Rush da su tana da wuyar warwarewa. Tun 1773 ya rubuta ƙasida mai zafi yana la'antar cinikin bayi, yana cewa baƙar fata bai gaza Bature a hankali ba. Ya taimaka da kuɗinsa da sunansa wajen gina cocin baƙaƙen fata a birnin, ya kuma shugabanci ƙungiyar yaƙi da bauta ta jihar. Amma wannan mutumin ya sayi bawa mai suna William Grubber, ya riƙe shi shekaru, har bayan ya shiga ƙungiyar, sai a 1794 ya sami 'yanci. A shekarun 1790 kuma ya gabatar wa masana wani ra'ayi cewa baƙin fata wani nau'in kuturta ne da aka gada, wanda wata rana za a iya warkarwa. A ganinsa kare mu yake yi, yana cewa mara lafiya tausayi ya cancanta. Ni dai duk lokacin da na karanta wannan sai raina ya ɓaci, domin ya ɗauki halittar da Allah ya yi mana a matsayin ciwo. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, amma wannan karin maganar ba ta wanke mutumin da ya san bauta zalunci ce, ya rubuta haka, ya kuma ci gaba da riƙe bawa.

Masu taɓin hankali

A nan ne nake ganin ya fi cancantar allo. Ya yi aiki a asibitin Pensilbaniya daga 1783 har rasuwarsa. Ya tarar ana ajiye masu taɓin hankali a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu sanyi da danshi, wasu a ɗaure, mutane suna zuwa kallonsu. Ya dage cewa wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, ya yi ta kai kuka har aka gina musu sashe na daban, ya nemi a ba su ɗumi da wanka da aikin hannu, a kuma zauna a saurare su. A 1812 ya fitar da littafin farko a Amurka kan cututtukan ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake ce masa uban wannan fannin a ƙasar, kuma hotonsa ya daɗe a tambarin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka har zuwa 2015.

Ko a nan hanyoyinsa na da ban tsoro. Yana zubar musu da jini, ya kuma ƙera wata kujera da ake ɗaure majinyaci hannu da ƙafa a rufe masa kai da akwati wai don ya natsu. Amma ciwon ya shiga gidansa. Babban ɗansa John, hafsan sojan ruwa, ya kashe abokinsa a fito-na-fito da bindiga a 1807, hankalinsa ya gushe, aka kwantar da shi a asibitin mahaifinsa a 1810. A can ya zauna har ya mutu a 1837. Har yau ana kawo mana majinyata da tabon mari a ƙafa, daga ɗakunan da aka kulle su shekaru. Idan na ga haka nakan tuna cewa abin da Rush ya yi ta faɗa fiye da shekara 200 da suka wuce, cewa wannan mara lafiya ne, har yanzu bai isa gidaje da yawa ba a wajenmu.

Idan kina so ki bi sawu

Shawarata ki ɗauki allon a matsayin mafari. Ki riƙe sunaye da shekarun da ke kai, ki duba shekarar da aka kafa shi, wadda yawanci take rubuce a ƙasa, domin tana gaya miki zamanin da ya zaɓi kalmomin. Sannan ki tambayi kanki su waye suke cikin labarin amma ba a ambace su ba. Ga abokiyar aikinki kuwa, ki gaya mata ta yi gaskiya a kan maganin, ki kuma gaya mata mutumin ya tsaya lokacin da wasu likitoci suka gudu. Ni hukuncin da zan iya yankewa na likita ne, a kan abin da maganinsa yake yi wa jiki. Auna matsayinsa a siyasar Amurka aikin masana tarihin ƙasar ne, kuma su ma ba bakinsu ɗaya ba.

Kina zaune a inda za ki iya gani da idonki, gani kuwa ya kori ji. Rush ya rasu ranar 19 ga Afrilu 1813, kabarinsa yana maƙabartar cocin Christ Church, a mahaɗar titi na 5 da titin Arch, inda aka binne Benjamin Franklin, wani daga cikin masu sa hannu a takardar 'yancin kai. Asibitin Pensilbaniya, wanda aka kafa a 1751, yana nan yana aiki a titi na 8 da Spruce, da tsohon gininsa. Daga nan tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa zuwa cocin Mother Bethel a titi na 6, wanda Richard Allen ya kafa a 1794, shekara guda bayan annobar. Kabarin Allen yana ƙarƙashin ginin, akwai ɗan gidan tarihi a wurin, kuma a ƙofar cocin za ki ga wani shuɗin allon irin wanda kika tsaya kika karanta. Ranar da ba ki da aiki, ki je da abokiyar aikin taki.